Tasawa da Mayahi: a sauya tsohon firigon gidan likita tun bai mutu ba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan likita na ƙauye ranar rigakafi ya san yadda wurin yake kasancewa. Tun da sanyin safiya mata sun cika inuwar dogon yaro, kowace da goyonta, kowace da katin awo a naɗe cikin leda. Wata a ƙasa ta taso tun asuba, wata amalanke ta biyo, wata kuwa ta bar daka da ɗibar ruwa don kada layi ya wuce ta. Ana kiran suna, ana ɗiga magani a baki, ana yin allura, yaro ya yi kukansa ya huce, uwa ta koma gida da kwanciyar hankali. A cikin matan nan kaɗan ne suka taɓa leƙa ƙuryar ɗakin da firigo yake, alhali kuwa amfanin wahalar da suka sha a hannunsa yake. In ya riƙe sanyi yadda ya kamata, allurar ta yi aiki. In ya gaza, to, an huda yaro a banza, kuma ba wanda zai sani sai ranar da baƙon dauro ya shigo gari.

Kan wannan firigo za mu yi magana yau, musamman a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. A ƙidayar jama'a ta 2012 kowace ɗaya daga cikinsu ta zarce mutum dubu 500, kuma mafi yawansu a karkara suke, nesa da wayar lantarki.

Tafiyar magani daga Yamai zuwa hannun yaro

A shekarar 1974 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta kafa babban shirin rigakafin cututtukan yara, wanda ma'aikatanmu ke kira PEV. Da cututtuka shida aka soma: tarin fuka, shan inna, baƙon dauro, mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙewar haƙora. Nijar ta kama nata shirin a 1987, kuma tun daga lokacin ana ta ƙara wasu magungunan, kamar na shawara, na ciwon hanta, na sanƙarau, har zuwa na zazzaɓin cizon sauro da aka soma bayarwa a Gaya a 2024. Kowane ƙari yana nufin ƙarin kwalabe, kowace kwalba kuma tana son wurin zama mai sanyi.

Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. A gidan likita, maganin rigakafi yana zama tsakanin digiri 2 da digiri 8 na ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina. Daga manyan ɗakunan sanyi na Yamai ake ɗauko shi, a yi tafiyar da ta zarce kilomita 650 zuwa Maraɗi. Daga Maraɗi a kai shi Tasawa, wajen kilomita 120 bisa babbar hanyar Damagaram, ko kuwa a ratse ta Cadawa a nufi Mayahi. Daga babban asibitin gunduma sai a raba wa gidajen likita na CSI, su Korgom, Maijirgi, Hawandawaki da Urafan a ɓangaren Tasawa, su Kanambakashe, Isawan, Cake da Gidan Amumun a ɓangaren Mayahi. Nan ma tafiya ba ta ƙare ba, don majo ko mataimakinsa zai ɗaura akwatin sanyi bayan babur, ya keta rairayi zuwa ƙauyuka da rugagen da ba su iya zuwa da kansu. Wannan jerin hannuwa shi ake kira sarƙar sanyi. Ta tsinke a wuri ɗaya, duk abin da aka kashe tun daga farko ya tashi a banza, kuma inda ta fi saurin tsinkewa shi ne gidan likita na ƙauye, inda a watannin Afrilu da Mayu zafi ke haye digiri 40.

Firigon da ke cin wuta ya ba da sanyi

Shekaru da dama, abin da ƙauyukanmu suka dogara da shi shi ne firigo mai aiki da kananzir ko da kwalbar gaz. Wasu ɗalibai biyu ne na ƙasar Suwidin suka ƙago shi a 1922. Ba shi da inji mai juyawa, ba ya ƙara. A bayansa akwai ƴar fitila da ke dafa wani ruwa mai haɗe da sinadarin amoniya a cikin bututun ƙarfe da aka liƙe. Zafi ya kori amoniyar ta tashi tururi, ta huce ta koma ruwa, sannan ta sake tashi a cikin ɗakin firigon, a nan ne take zuƙe zafin abin da aka ajiye. Dabarar ɗaya ce da ta randa da tulu: ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke sanyaya na ciki.

Kada mu yi butulci, wannan firigo ya yi wa ƙasa aiki. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi da maganin da ya kwana a cikinsa aka yi musu rigakafi. Amma mai reno ne da shi kamar jariri. Dole a datse lagwani, a share bututun hayaƙi daga kunkunniya, a tace kananzir, a duba harshen wutar ya zama shuɗi. In ya koma ja yana hayaƙi, sanyi ya tafi. Dole ya zauna daidai bisa ƙasa, don in ya karkata ruwan ciki ba ya zagayawa. In iska ta buso ta kashe wutar da tsakar dare, ba wanda zai sani sai da safe. In kananzir ya yanke a kasuwa, ko kwalbar gaz ta ƙare ranar da gulbi ya cika ya tare hanya, sai majo ya kwashi kwalabe a akwati ya shiga neman firigon maƙwabta. Ko bayan da matatar SORAZ ta Damagaram ta soma aiki a 2011 gaz ya ƙara samuwa, kai kwalba ƙauye mai nisa kowane wata da biyan kuɗinta bai daina zama nauyi bisa ƙaramin asusun gidan likita ba.

Ga kuma tsufa. Masana suna ƙiyasta wa irin waɗannan na'urori kimanin shekara 10 na aiki mai kyau. Bayan nan robar bakin ƙofa takan saki, tsatsa ta ci bututu, abin daidaita wuta ya daina jin magana, kayan gyara su yi wuyar samu. Abin da ya fi muni, tsohon firigo ba ya faɗuwa rana ɗaya. Yau ya yi sanyi, gobe ya yi ɗumi, jibi ya daskarar da komi, ana kallonsa ana cewa ai yana aiki.

Ɓarnar da ido ba ya gani

Mutane da yawa sun ɗauka zafi kaɗai ke ɓata maganin rigakafi. Gaskiya ne zafi yana kashe ƙarfin maganin shan inna na ɗigawa a baki, da na baƙon dauro, da na shawara. Don haka ne tun 1996 aka soma manna wata ƴar alama a jikin kwalba: ɗan murabba'i mai haske a tsakiyar da'ira mai duhu. Duk zafin da kwalbar ta sha, murabba'in yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa. Ranar da launinsa ya yi daidai da na da'irar, ko ya fi shi duhu, kwalbar ta tashi aiki ko da kwanan watanta bai ƙare ba.

Sai dai sanyi mai yawa ma ɓarna yake yi, kuma tasa ta fi ɓoyuwa. Allurar nan mai haɗe da magani biyar da ake yi wa jariri a sati 6, sati 10 da sati 14, da ta sarƙewar haƙora da ake yi wa mata masu ciki, in suka daskare sau ɗaya sun lalace har abada. Su narke su koma kamar ba abin da ya same su, alamar jikin kwalba kuma ba ta nuna komi, don zafi kaɗai take gani. A daren hunturu, lokacin da sanyi ke sauka bisa tuddan Mayahi, firigon kananzir da aka bar wutarsa yadda take tun bazara yana iya gangarawa ƙasa da sifiri. Hanyar ganewa ita ce gwajin girgizawa: a daskarar da kwalba ɗaya da gangan, a bari ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su gefe da gefe. In garin cikin wadda ake zargi ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, to, ta mutu.

Asarar kashi biyu ce. Akwai ta kuɗi, don magungunan nan da tsada ake sayo su daga waje. Akwai kuma wadda ta fi ta ciwo, asarar yarda. Uwar da ta kai ɗanta sau biyar, katinsa ya cika, sannan baƙon dauro ya kama shi, me za a faɗa mata? Ita da maƙwabtanta za su ce allura ba ta da amfani, kuma shekara goma ta wa'azin ma'aikata ba za ta goge wannan magana ba.

Darasi daga ƙasar ƙanƙara

Matsalar tsohuwar na'urar sanyi ba tamu ce mu kaɗai ba. A Kanada da arewacin Amurka kusan kowane gari yana da babban ɗaki inda ake wasan hoki bisa ƙanƙara, ƴan wasa na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Filin ya kai tsawon mita 60, kuma ƙanƙararsa ba daga sama take saukowa ba. A ƙarƙashin daɓen siminti an shimfiɗa bututu na kilomita da dama, ruwan gishiri mai tsananin sanyi na zagayawa a ciki, manyan injuna kuma na sanyaya shi a wani ɗaki na gefe.

A garin Fani na lardin Biritish Kolombiya a Kanada, tun 2010 masu gyara suka ba da shawarar a sauya wata tsohuwar na'ura ta ɗakin wasan garin, don ta cinye shekarunta. Aka sa aikin cikin tsari, aka ɗaga shi, aka sake ɗagawa, har ya ɓace daga lissafi. Wata ƴar huda ta ɓullo a bututu, amoniya ta soma shiga ruwan gishiri, aka ci gaba da aiki da ita. Ranar 17 ga Oktoba 2017 bututu ya ɓalle, gaz ya cika ɗakin injuna, mutum uku suka rasu nan take. Ƙasa ce mai arziki da injiniyoyi, amma abin da ya kashe su shi ne kalmar nan da mu ma muka sani sarai: a bari sai baɗi. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ɗakunan wasan can da ɗakunan sanyinmu suka shiga layi ɗaya. A 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Mantiriyal don daina amfani da wasu nau'o'in gaz na sanyi masu cin rufin iskar nan na sama da ake kira ozon, wanda ke tare mana mugun kaifin rana. Nijar na cikin waɗanda suka amince. Gaz ɗin R-12 na tsofaffin firigon lantarki an rufe babinsa a ƙasashe masu tasowa tun 2010. Na R-22, wanda ɗakunan hoki da yawa suka dogara da shi, Amurka ta daina yinsa da shigo da shi ranar 1 ga Janairu 2020, abin da ya sa garuruwa da dama neman kuɗin sabbin injuna. Mu kuwa wa'adinmu 2030 ne. Duk wata na'urar sanyi da ke aiki da waɗannan gaz, a asibiti take ko a mahauta ko a gidan ƙanƙara, kwanakinta a ƙidaye suke.

Sabon firigo mai cin hasken rana

Arzikin rana kam Allah ya ba mu. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai, inda marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya yi shekaru yana nuna cewa rana na iya dafa ruwa da tayar da inji. Firigon rana na farko, waɗanda suka bazu tun shekarun 1980, da batura suke aiki, kuma baturan ne suka zama rauninsu: zafi na kashe su cikin ƴan shekaru, sabbi na da tsada, wani lokaci ma a cire su a kai wani aiki.

Wajen 2010 aka fito da wani sabon iri wanda ba shi da batir ko ɗaya. Waya na tasowa daga farantan hasken rana ta shiga injin firigon kai tsaye. Da rana ta fito inji ya tashi, ya daskarar da ruwan da ke ɓoye cikin bangon firigon. Da dare, ko ranar hadari da ƙura, wannan ƙanƙara ce ke riƙe sanyi. Wato maimakon a tara wuta a batir, sanyin kansa ake tarawa, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu. Kafin OMS ta amince da wanda za a kai ƙasa mai zafi irin tamu, sai an gwada shi a digiri 43, an kuma tabbatar yana iya riƙe sanyi aƙalla kwana uku cikin ƙarancin rana. An raba wurin ƙanƙara da wurin magani don kada kwalba ta daskare, gaz ɗin cikinsa kuma ba ya taɓa ozon.

Inda lantarkin NIGELEC ya kai, kamar cikin garin Tasawa da na Mayahi, akwai irin wanda shi ma bangonsa ke da ƙanƙara, wanda wutar awa 8 a yini ta ishe shi. Amma kowa ya tuna abin da ya faru a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke shigo mana, har da ta layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da jihar Maraɗi, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Firigon rana bai san an yi ba.

Ƙungiyar Gavi, wadda aka kafa a 2000 don taimaka wa ƙasashe kan rigakafi, ta buɗe wani asusu na musamman a 2016 don sauya tsofaffin na'urorin sanyi, kuma ba ta sayen mai kananzir ko mai gaz da kuɗin. Ta wannan hanya, tare da UNICEF, ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasarmu ta kai firigon rana gidajen likita masu yawa. Abin lura shi ne, waɗanda aka kafa da farko su ma yanzu shekaru na hawa kansu. Wanda muke kira sabo yau, shi ne tsohon gobe.

Yadda sauyi ke yin kyau

Aikin yana somawa da takarda da alƙalami. Ya kamata kowace gunduma ta riƙe rajista: wane firigo ke wane gari, wace shekara aka kafa shi, sau nawa ya lalace bara, yara nawa ke dogara da shi. Da wannan rajista ake sanin wanda za a fara sauyawa, ba da yawan kukan mai kuka ko kusancin gari da hanya ba. Wanda ya kusa shekara 10 a sa sunansa cikin kasafin baɗi tun yana aiki. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sannan a dubi wuri kafin mota ta kawo kaya. Farantan su fuskanci kudu, a ɗan karkace, inda inuwa ba ta taɓa su daga hantsi zuwa la'asar. A tuna dogon yaron da yake ƙarami yau, nan da shekara uku zai rufe rufin. A gwada ƙarfin kwanon rufi ko a kafa ƙarfe a ƙasa a kewaye shi, a sa wayar da ke kai tsawa ƙasa saboda damina, a ɓoye waya cikin bututu saboda ɓera. Firigon kansa a ɗaki mai iska, nesa da taga, da ɗan rata tsakaninsa da bango.

Kada a kashe tsoho ranar da sabo ya iso. Sabon na bukatar kwanaki kafin ƙanƙarar bangonsa ta kama, sai ma'auni ya nuna ya zauna tsakanin 2 da 8 sannan a kwashe magani a mayar ciki. Shi kuwa tsohon, a mayar da shi gunduma. Kada a bar shi bayan ɗaki yara na wasa a ciki, kada kuma a sayar wa maƙeri ya fasa ya yi murhu, don amoniyar cikin bututunsa a matse take, tana ƙona ido da huhu.

Hakkin da ke kan kowa

Ga ma'aikacin likita: a duba ma'auni safe da yamma, a rubuta a takardar da ke manne jikin firigo, har ranar Juma'a da ranar salla. A wanke farantai da sassafe da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya kamar gari. In ƙanƙara ta taru, a bar ta ta narke, kada a kankare ta da wuƙa. Abin da ya faskara a sanar da gunduma ranar nan, kada a jira taron ƙarshen wata.

Ga jama'ar gari: firigon likita ba na ruwan sha ba ne, ba na naman layya ba ne, ba na ƙanƙarar buɗa baki ba ne, ko da mai roƙon babban mutum ne. Kowane buɗi na ƙofa sanyi ne ke fita. Kada a yanki wayarsa don cajin salula ko kunna talabijin. Iyaye su hana yara harbin tsuntsu kusa da farantai, masu gari da kwamitin kula da gidan likita su sa ido bisa ɓarayi.

Ga hukumomi, tun daga perefe har shugabannin ƙananan hukumomi: abokan taimako sukan sayi firigo, amma man babur ɗin mai gyara, da kayan canji, da horar da samarin Tasawa da Mayahi su iya aikin da hannunsu, wannan namu ne. Layi ɗaya cikin kasafin kuɗin shekara ya isa ya hana na'urar miliyoyi zama akwatin ajiyar takardu.

Ku kuma ƴan uwa da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi amfani. Kun iya karanta lamba. Ranar da kuka raka iyali rigakafi, ku gaida majo, ku roƙi izni ku dubi takardar jikin firigo. In kun ga lambobi tsakanin 2 da 8, safe da yamma ba tsallake, ku yi masa godiya, ku faɗa wa mutanen gari su kawo ƴaƴansu da zuciya ɗaya. In kun ga akasin haka, ku tambaye shi abin da ya rasa, ku kai maganar gaban mai gari da kwamiti, a taru a nemo mafita tun kafin bazara ta kama.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.